Tsohuwar Washa a Hannun Baba

A danginmu idan ana son a ja kunnen yaro mai taurin kai, da Babana ake yi masa misali. Sai a ce masa ci gaba, za ka ƙare kamar wane da ya ja da kamfani guda a kan washa. Duk sanda na ji wannan magana raina ɓaci yake yi, don masu yin ta babu wanda ya taɓa riƙe sifana a cikinsu, kuma ranar da abin ya faru babu ko ɗayansu a wurin. Ni kuwa ina tsaye, da idona na gani.

Baba makanikin babur ne. Da facin taya ya fara tun yana saurayi, a ƙarƙashin wata rumfar kwano, daga nan ya koyi kwance inji, har wani kamfanin kai saƙo ya ɗauke shi aiki shekara biyu kafin a haife ni. Kamfanin yana da babura wajen arba'in masu kai kaya da magunguna gida-gida, da gareji mai dogon rufi, da wasu ɗakuna biyu a bayan garejin da ake ba babban makanike ya zauna da iyalinsa. A ɗakunan nan aka haife ni, ni da ƙannena biyu. Taku ashirin ne daga ƙofarmu zuwa teburin aikin Baba. In Umma ta gama abinci ba ta aiken kowa, taga take buɗewa ta buga cokali a jikin ƙarfenta.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da faratan da babu sabulun da ya taɓa cin galaba a kansu. Ba shi da yawan magana, amma akwai tsokana. Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma yakan ce ba sunan kaɗai na gada ba, har da bakin. In na ɗauko faɗa da ƙannena sai ya leƙo ta taga ya ce a yi haƙuri, tsohuwar ce ta dawo. Bai iya gyaran sama-sama ba. Ko ƙofar bayi ce ta fara ƙara sai ya cire ta gaba ɗaya ya gano dalili, mu kuwa mu yini muna riƙe wa juna zani a bakin ƙofa.

Ga wanda bai san washa ba, bari in yi bayani yadda Baba ya yi mini. A ƙasan injin babur akwai noti guda da ake kwancewa idan za a yi juye, wato a zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo. Tsakanin kan notin da jikin inji ake sa washa, wani ɗan zobe mai laushi na jan ƙarfe ko alminiyam. Aikinta kawai ta matsu. Idan aka ɗaure noti sai ta lotsa ta toshe duk wata 'yar kafa da mai zai bi. To amma sau ɗaya take lotsawa da kyau. In ta riga ta baje ta yi tauri aka mayar da ita, wata rana ta riƙe, wata rana ta fara ɗiga. Sai makanike ya ƙara ɗaurewa, ta sake ɗiga, ya ƙara, har haƙoran ramin da notin ke bi su cinye, don jikin inji ya fi noti laushi. Daga nan aikin minti goma ya koma sauke inji. Man da ke ɗiga kuma, a gaban tayar baya yake sauka.

Saboda haka Baba yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Da zarar ya cire tsohuwar washa, kafin ma man ya gama tsiyaya, sai ya zaro filaya daga aljihun gaba ya raba ta biyu, ƙas, ya jefa a wani gwangwani. Ya ce in ya yar da ita da ranta, wani zai tsinta ya sa wa babur ɗin ɗan mutane. Dogo, makaniken da suka shekara goma sha biyar tare, yakan ce Baba ya fi mahauci son yanka. Masu tuƙa baburan kuwa Baba Filaya suke ce masa, yana amsawa.

Mutane suna son su ji cewa akwai wani babban dalili, ko wani amininsa ne ya zame a kan mai ya rasu, ko shi ne ya taɓa ɓata injin ubangidansa aka kore shi. Babu ko ɗaya. Babu wanda ya mutu. Ya dai san abin da aka yi washa dominsa, shi ke nan. Yakan ce da sabuwar washa hannu yana jin lokacin da ta lotsa, sai ka tsaya. Da tsohuwa kuwa a makance kake ɗaurewa.

Ina da shekara ashirin da huɗu, ina aiki a wani shagon buga takardu, aka kawo sabon manaja. Saurayi ne tsaf-tsaf, kullum da takarda a hannu, kuma gaskiya da farko ba mu ga aibunsa ba, har ƙofa ya zo ya gaida Umma. An turo shi ne ya rage ɓarna, ya kuwa shiga yi ba ji ba gani. Ya rage tsumma, ya rage sabulu, ya kai ga washa. Ya tara makanikai ya ce daga yau kowace washa sau uku za a yi aiki da ita, a juya ta kawai a mayar, ai haka ake yi a garejoji da yawa kuma duniya ba ta tashi ba. Ba ƙarya ya yi ba, ana yi. Dogo ma ya ce shi a babur ɗinsa na gida haka yake yi.

Baba ya bari aka tashi daga taron. Da yamma ya tafi kasuwa ya sayo washoshi da kuɗinsa, ya zuba a aljihu, ya ci gaba da yanka tsofaffi yana sa sababbi. Ya fi wata guda a haka kafin wani ya kai gulma. Manaja ya kira shi ya nuna masa doka a rubuce, cewa babu wani ƙarfe da zai shiga babur ɗin kamfani sai wanda ya fito daga sito, ya sa aka karɓe na aljihun nasa. Tun daga ranar na gane maganar ta wuce washa. Shi dai Manaja abin da ya tsaya masa a rai shi ne ya ba da umarni wani tsoho ya yi biris da shi.

Ranar Litinin da ta biyo baya babura tara ne suka kai lokacin juye. Baba ya jera su da sassafe, ya sa aka ɗan tayar da su man ya yi ɗumi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kwance, ya yanka washoshi tara. Sannan ya goge hannu ya je sito ya ce a ba shi sababbi guda tara. Mai sito ya zaro ido ya ce Baba ai ka san babu. Baba ya ce to, ya dawo ya zauna a kan benci. Har yau ban sani ba ko hannunsa ne ya riga tunaninsa ko da gangan ya yi. Na tambaye shi, ya ce in bar tone-tone. Ni dai na fi zaton da gangan ne.

Babura tara suka tsaya babu mai a cikinsu, masu tuƙi suna tsaye da hulunansu a hannu, kaya sun taru a bakin ƙofa, waya tana ta ƙara a ofis. Dogo ya zazzage gwangwanin nan ko zai sami guda da ta tsira, bai samu ba. Manaja ya fito yana faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Baba ya bari ya gama, sannan ya ce shi doka ya bi, an ce kada ya shigo da komai daga waje, bai shigo da shi ba. Ƙarshe Manajan da kansa ya aika kasuwa aka sayo washoshin, a gaban kowa, abin da ya hana da bakinsa. Sai bayan azahar baburan suka fita. Ba zan ɓoye ba, akwai masu jiran magani da suka yini suna jira a ranar, kuma wannan ya dami Baba fiye da yadda ya nuna.

Washegari aka kawo takarda. An dakatar da shi mako biyu. In ya rubuta takardar ban haƙuri ya yi alkawarin bin umarni, ya dawo aiki. In bai rubuta ba an sallame shi, kuma ƙarshen wata mu ba da mabuɗin ɗakunan.

Ni ce na fara tayar masa da hankali, ba wani ba. Na cika na yi fam. Na ce shekararsa sittin, saura kaɗan ya ajiye aiki da mutuncinsa, ƙannena ga makarantarsu nan kusa, Umma ba ta san wani gida ba sai wannan, duk zai watsar a kan abin da bai kai zoben yatsa ba. Na ce baburan ba nasa ba ne, in sun ɗiga su ɗiga, in inji ya cinye kamfani ya saya. Yana zaune a kan tabarma yana gyara fankar da lafiyarta ƙalau, don zaman banza ya ishe shi.

Ya ce, “Uwata, baburan ba nawa ba ne. Amma hannun nawa ne.”

Na ce hannun ba zai yi mana rufi ba in aka fitar da mu, na fice na bar masa ɗakin.

Gwaggo, yayarsa, ta zo har sau uku. Ta yi lallashi, ta yi kuka, ta tuna masa duk taurin kan da ya yi tun yana yaro, har da ranar da ya ƙi saukowa daga kan katanga. Ya gaishe ta, ya raka ta bakin titi, ya dawo ya ci gaba da fankarsa. Dogo ya zo ya ce ya sa hannu kawai, in ya so daga baya su san dabarar da za su yi. Ya ƙi ƙememe, ya ce in ya yi alkawari a takarda to ya yi ke nan, shi bai iya alkawari biyu ba.

Umma ce kaɗai ba ta ce masa komai ba. Ko sau ɗaya. Sai dai a kwana na tara ta dawo daga kanti da kwalaye uku babu komai a ciki, ta jingine su a bayan ƙofa. Washegari ta ƙaro biyu. Ba ta zuba komai a ciki ba, ba ta kuma kalle shi ba, ta ci gaba da girkinta. Na ga Baba ya daɗe yana kallon kwalayen nan. A kwana na goma sha biyu ina shirin fita aiki ya kira ni, bai ɗago kai ba, ya ce in buga masa takardar.

Na buga ta da murna, Allah ya gani. Na zuba kalmomi masu taushi, na amsa laifi, na nemi afuwa, na yi alkawari, irin yadda nake buga wa mutane kullum a shago. Na karanta masa da yamma. Da na zo inda aka ce “na gane kuskurena” sai ya ce in maimaita, na maimaita, ya karɓi biro ya sa hannu. Ya ce in raka shi, don kada a yi masa wata tambaya a kan takardar ya rasa amsa.

Da safe muka shiga ofis. Manaja ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce takarda ta yi kyau, amma abin da aka yi a gaban mutane a gaban mutane ake gyara shi. Ya fito da mu gareji, ya sa aka kira makanikai da masu tuƙin da ba su fita ba tukuna, aka turo wani babur da ya dawo daga aike injinsa da ɗumi. Ya ce Baba ya yi masa juye, ya mayar da washar da ya tarar.

Baba bai yi musu ba. Ya shimfiɗa kwali, ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya kwanta a gefe ɗaya. Ya tura rabin galan ƙarƙashin inji, ya sa sifana ya kwance notin, baƙin mai ya zubo. Washar ta manne a kan notin, sai da ya sa farce ya ɓamɓaro ta. Daga inda nake tsaye ina ganinta, ta yi siriri ta baje, gefenta ya tashi, da gani an riga an mayar da ita ba sau ɗaya ba. Hannunsa ya tafi aljihun gaba da kansa, ya taɓa filayar, ya dawo. Ya goge washar a jikin rigarsa, ya juya ta kamar yadda aka ce, ya zura a notin, ya fara murɗawa da yatsu. Dogo ya juya baya yana neman abin da bai ɓata ba a kan tebur. Masu tuƙi kowa ya sunkuyar da kai.

Da a nan Manaja ya tsaya, da an gama. Amma sai ya ɗaga murya ya ce, “To Baba, gaya musu su ji. Akwai wata matsala a mayar da ita?”

Daga ƙarƙashin babur na ji muryar Babana, ƙasa-ƙasa.

“Babu matsala, yallaɓai.”

Tun da nake ban taɓa jin ya yi ƙarya a kan aikinsa ba. Kunya ta rufe ni, ba kunyarsa ba, tawa. Ni na yi masa faɗa, ni na buga takardar, ni na rako shi, ga shi kwance a ƙasa da furfurarsa yana ƙaryata abin da ya shekara arba'in yana koya wa mutane, don in sami ɗakin kwana. Ya miƙa hannu ya ɗauki sifana. Ban san lokacin da na tsuguna ba, bakin zanina a cikin mai, na riƙe sifanar.

“Baba, tashi.”

“Bari in gama, Uwata.”

“Wallahi ba za ka gama ba. Tashi mu tafi.”

Manaja ya ce, “Malama, kin san abin da kike yi kuwa?”

Na ce na sani. Na ce takardar da ke hannunsa ni na rubuta ta, babu kalmar Babana ko ɗaya a ciki, ya ajiye ta in yana so, amma wannan notin ba Baba ne zai ɗaure shi ba.

Baba yana iya ture hannuna, ƙarfinsa ya fi nawa nesa. Ya daɗe yana kallona daga kwance. Sannan ya saki sifanar, ya sa yatsu ya warware notin, ya ajiye shi da washarsa a kan kwali. Bai yanka ta ba. Ya dafa babur ɗin ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce wa Dogo babu mai a cikin injin nan, kada wani ya tayar da shi. Ya wuce Manaja ya fita, na bi bayansa.

Abin da ya biyo baya ba daɗi, ba kuma zan shafa masa mai ba. Ɗaki ɗaya muka samu a wata unguwa mai nisa, ni na koma kwana wurin Gwaggo, wadda ta yi wata biyu tana yi mini gori safe da yamma. Ƙannena suka koma tafiyar sa'a guda zuwa makaranta. Baba ya kafa benci a bakin titi yana juye a rana, a shekarun da ya kamata ya huta. Masu son labari mai daɗi sukan tambaye ni ko daga baya baburan kamfanin sun ɗiga, ko an zo an ba shi haƙuri. Babu wanda ya zo, kuma ban sani ba ko sun ɗiga, ban je na leƙa ba. Ko da ba su ɗiga ɗigo ɗaya ba, abin da na yi shi zan sake yi.

Amma duk wannan bai kai mini ranar kanta wuya ba. Muka zagayo bayan gareji muka tarar da Umma tsaye a bakin ƙofa, ta ji hayaniyar ta taga amma ba ta san yadda aka ƙare ba. Baba ya buɗe baki zai ɗauki laifin, na riga shi. Na ce ya yarda, ya kwanta, ya sa tsohuwar washar, ni ce na hana shi.

Umma ta dube shi. “Da ka ɗaure?”

“Da na ɗaure,” in ji shi.

Ta juyo ta dube ni, ta daɗe. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce na kyauta ba, har yau ba ta ce ba. Sai ta zauna a kan dakalin ƙofar da ta shekara ashirin da shida tana sharewa, ta rufe fuska da gefen mayafinta ta fara kuka. Baba ya tsaya a kanta da hannuwansa baƙi ƙirin da mai, ya rasa inda zai dafa ta. Ina son Umma, kukan nan ya shiga raina har yanzu ina jin sa. Na tsaya na jira nadama ta zo mini, ba ta zo ba. Sai na wuce ciki na fara sauke labule.